Kafso a Ruwan Kaji

A gidaje da yawa na Tambuwal da Kebbe, idan kaza ta saki fukafukai tana farin kashi, ba a neman kowa. Uwargida za ta aiki yaro kyamis ya sayo kafso ja da yalo, a ɓare shi a kaskon ruwa, mai ciwo da mai lafiya duk su sha. Makiyayi ma kwalbar allura tana cikin jakarsa. Ya yi wa saniya sau ɗaya, in ta miƙe shi ke nan. Ban ga laifin niyyarsu ba, don kaza ita ce asusun mace, likitan dabbobi kuwa ya yi wa ƙauye nisa.

Abin da ke damuna shi ne ƙwayar cutar da ke cikin hanjin dabbar. Wannan ƙwaya, Salmonella, dangi ce babba, iri fiye da 2,500. Akwai irin da kaji kawai yake kashewa. Mai kawo taifot a jikin mutum kaɗai yake zama, don haka kada a ɗora wa kaza wannan. Amma akwai masu yawo tsakanin dabba da mutum, ta ƙwan da bai dahu ba, da nonon da ba a tafasa ba, da naman da kashi ya taɓa a mahauta, da rijiyar da ke kusa da turke.

Kowane manomi ya san abin da ke faruwa in an tsinka maganin feshi da ruwa don ya isa gona. Ciyawa mai rauni ta mutu, mai taurin kai ta tsira ta zuba iri, baɗi ita ce za ta cika gonar. Haka kafso ɗaya a kasko yake yi wa ƙwayoyin cuta. Har ma sun fi ciyawa sharri, domin wadda ta koyi jure magani tana iya miƙa wa maƙwabciyarta wannan hali ko da ba irinsu ɗaya ba.

Ga shi kuma maganin dabba da na mutum 'yan gida ɗaya ne. Enrofloxacin da ake ba kaji ɗan'uwan ciprofloxacin ne da ake rubuta wa mutane a asibiti. Ƙwayar da ta saba da na farko ba ta cika jin na biyu ba. Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi irin waɗannan magunguna don ƙiba tun 2006. Mu kuwa ko kwanakin jira da aka rubuta a jikin kwalba ba ma dubawa. Saniyar da aka yi wa allura jiya, in ba ta farfaɗo ba, yau tana kara, gobe tana teburin mahauci.

A wani babban ƙiyasi na duniya, cututtukan da suka daina jin magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. A nahiyarmu akwai nau'in Salmonella da ke tsallake hanji ya shiga jini, musamman a yaran da maleriya ko tamowa ko sikila ta raunana, kuma sau da yawa ampicillin da Septrin da chloramphenicol ba sa taɓa shi. Su ne masu arahar. Abin da ya rage shi ne allura mai tsada da kwanciya a asibiti, wani lokaci har sai an ɗauko yaro daga ƙauyen Kebbe an kai shi Sakkwato.