Wanda Bai Zo Gayya Ba

Da zarar damina ta ɗauke, hanyoyin ƙauyukanmu tsakanin Jega, Aliero da Maiyama sai su koma kwazazzabai. A lokacin ne muke fita gayya da fartanya, shebur da buhunan yashi, mu cike inda ruwa ya zaizaye, domin albasar Aliero ta kai kasuwar Jega, mai naƙuda ta isa asibiti, wanda ya karye a kai shi wurin masu ɗori.

Amma ba a rasa wanda ba ya zuwa. Ranar aiki yana kwance gindin darbejiya, washegari babur ɗinsa ne farkon wucewa. Wasunmu kan ce a gitta masa itace sai ya biya.

Suna da hujja. In kowa ya yi irin tasa, gayya ta mutu, hanya ta bi ta. Sai dai mu ma wa muka biya? Waɗanda suka fara sare ƙayar wannan hanya ko sunansu ba mu sani ba, kuma ba su bar mana shinge ba. Ranar da muka gitta itace, mun zama ɗaya da manomin da ke cin burtali kunya-kunya har shanu su rasa wurin bi. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana ke nan.

Saboda haka mu bar shi ya wuce. Amma baɗi, kafin a fita, mu tsaya ƙofar gidansa mu yi sallama, mu miƙa masa fartanya a gaban ’ya’yansa.