Shin Wayar Hannu Tana Iya Share Wa Yaro Hawaye?

Tun daga shekarar 2009, da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, mutane fiye da miliyan 2 suka rasa matsuguninsu a arewa maso gabashin Nijeriya, akasarinsu mata da yara. A 2014 aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, a watan Disamba na 2020 kuma aka kwashe yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara. Da yawa daga cikin yaran da suka ga irin wannan tashin hankali sun tsira da ransu, amma zukatansu ba su tsira ba. Wani yakan yi firgita cikin barci, wani ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, wani kuwa da jin ƙarar babur sai jikinsa ya ɗauki rawa.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, manyan asibitocinsu kuma, irin na Maiduguri da Kaduna da Kware, sun yi wa mutanen karkara nisa. Wannan ƙarancin ba a Nijeriya kaɗai yake ba, shi ya sa masana a ƙasashe dabam dabam suka juya ga wayar hannu da intanet. Alal misali, a 2020 aka soma nuna wani shiri na Larabci mai suna Ahlan Simsim domin yaran da yaƙin Siriya ya ɗaiɗaita, inda ake koya musu sanin sunan abin da ke damunsu, ko tsoro ne ko fushi, da yadda za su ja numfashi su natsu. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wata manhaja, Step-by-Step, wadda aka jarraba a Labanon domin manyan da baƙin ciki ya danne.

To, a nan ne tambaya ta taso: ya dace a ɗora wa na'ura aikin lallashi? Wasu sun ce sam, domin a ganinsu haƙuri da addu'a sun isa. Wasu kuwa sun ɗauka da zarar an miƙa wa yaro waya an sauke nauyi. Dukkansu biyu sun kauce hanya.

Masu magana ta farko ya kamata su tuna cewa malaman Musulunci ba su raina ciwon zuciya ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani, kamar dai na jiki. Saboda haka neman ilimin wannan magani, ko ta wace hanya ya zo, bai saɓa wa tawakkali ba.

Masu magana ta biyu kuwa su dubi abin da ya tabbata game da Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik. Yaro ne ƙarami da ɗan tsuntsunsa ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lura da damuwarsa, ya kira shi da alkunya, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Watau abin da yaro yake bukata da farko shi ne babban da zai lura da shi, ya kuma ɗauki damuwarsa da muhimmanci. Har ma masu tsara kayan zamanin sun gane haka. A Labanon, malamai ne suka riƙa kiran iyaye da yara ta WhatsApp, iyayen kuma su ci gaba da darasin a gida. Manhajar Hukumar Lafiya ita ma an haɗa ta da mutum mai bugo waya mako mako.

Don haka matsayin waya shi ne na 'yar aike. Mafi amfaninta ya fi fitowa idan tana hannun uwa ko uba ko malami, suna koyon yadda za su saurari yaro ba tare da tilasta masa ba da labari ba, su kuma mayar masa da tsarin yau da kullum na ci da barci da makaranta da wasa. Sa'an nan akwai haddi biyu. Na farko, labarin yaro amana ne: ɗaukar hotonsa yana kuka a watsa wa duniya cin amana ne, haka ma barinsa ya kalli bidiyon kashe-kashe da ake turawa, domin fami ne ga tsohon miki. Na biyu, in damuwa ta daɗe har ta hana shi ci ko barci, ko ya soma zancen halaka kansa, lalle sai a kai shi asibiti ba tare da jin kunya ba.

Ranar gobe ba waya za a tambaya game da yaro ba, wanda aka ba kiwonsa za a tambaya. Allah Ya sanyaya zukatan yaran da masifa ta shafa, Ya ba iyaye ikon riƙon amana, amin.