WANE NE JARUMI?

A silimar yaƙi ta Amurka akan ga soja ya bar ƙasarsa, ya ƙetare teku, ya yi faɗa, ya komo gida ana yi masa tafi. Daga nan sai wasa ya ƙare, a kunna fitila. To, ina labarin sojan bayan an kunna fitila?

Ga labarin ɗaya daga cikinsu. Sunansa Audie Murphy. An haife shi a 1925 a Teksas. Iyayensa talakawa ne, suna noma gonar wani, ƴaƴansu 12. Uban ya gudu ya bar su. Yaron ya bar lakwal, ya shiga tsinkar auduga don a samu na tuwo.

A yaƙin duniya na biyu ya shiga soja, ya yi faɗa a Italiya da Faransa. Ranar 26 ga Janairu 1945, kusa da garin Kolmar, sojojin Jamus suka taso musu. Ya ce wa mutanensa su ja da baya. Shi kaɗai ya hau wata motar yaƙi tana cin wuta, ya kama bindigarta, ya tare abokan gaba wajen awa guda, ga rauni a ƙafa. Shekarunsa 19 a lokacin.

A 1955 aka yi silimar labarinsa, mai suna "To Hell and Back", wato zuwa wuta da komowa. Shi da kansa ya fito a ciki. Jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo.

Amma akwai abin da silimar ba ta nuna ba. Bayan yaƙi barci ya gagare shi. Mugayen mafarkai suka dame shi, har yana kwana da bindiga ƙarƙashin matashin kai. Ya kamu da shan ƙwayar barci. Daga baya ya kulle kansa a ɗaki mako guda, sai da ya rabu da ita. Sannan ya fito gaban jama'a ya faɗi ciwonsa, ya roƙi gwamnati ta kula da sojojin da suka komo daga Koriya da Biyetnam da irin wannan ciwo. Ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1971.

To, wace jaruntaka ce ta fi? Ta kan mota awa guda ce, jini na tafasa. Ta biyu kuwa sai da ya ajiye girman kai, ga shi duk ƙasa na kiransa namijin duniya. Mu a ganinmu ta biyu ta fi wuya, ta kuma fi amfani, don ta sa wasu masu ciwo sun daina jin kunya.

Mun saba cewa namiji ba ya kuka. Wannan magana ta sa maza da yawa sun haɗiye ciwo har ya cinye su. Ciwon da aka ɓoye ba ya samun magani. In namiji ya buɗe baki ya ce "na gaji, ku taimake ni", kada mu ce masa rago. Mu shimfiɗa masa tabarma, mu saurare shi.