Layar zana da takardar lanho

Ƴan uwa ɗalibai, a gidajenmu da yawa mu ne masu alƙalami. Duk takardar da ta zo da Faransanci, ta banki ce ko ta likita ko ta ma'aikata, ɗan lakkwal ake nema ya karanta, ya cika, tsoho ya sa hannu. Cikin takardun nan akwai wadda mutum ke bayyana ma ma'aikatar lanho kuɗin da suka shigo mishi a shekara. To a ce tsohon yana karɓar fansho daga wata ƙasa. Ka zo daidai wurin da ake rubuta shi, sai ya dafa hannunka ya ce: "Bar wurin ga hakanan, ɗana. Wa ya sani?" Mi ya kamata alƙalaminka ya yi?

Tambayar ba ta mutum ɗaya ko biyu ba ce. Akwai sauran mazan jiya da suka yi ma Faransa soja a Indoshin da Aljeriya, akwai matan da mazansu sojoji suka rasu suka bar musu rabon fansho, akwai waɗanda suka ƙare ƙarfinsu a masana'antun Turai ko a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa suka dawo gida su huta. Kuɗin ba lalle su yi yawa a can ba, amma nan suna da nauyi. Yuro ɗaya sefa 655,957 ne, watau ɗari shida da hamsin da biyar da ƴan kai. Mai karɓar yuro 300 a wata yana da kusan jikka 197, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi bai kai jikka hamsin ba.

Abin da ya raba wanga kuɗi da albashin malamin makaranta shi ne ganuwa. Albashin ma'aikaci, tun kafin ya taɓa shi an cire lanho. Fanshon waje kuwa, wanda ke biyan shi yana bayan teku, ba ya ƙarƙashin dokarmu, ba ya cire ma baitulmalinmu ko dala. Sai abin da mai kuɗin ya faɗa da bakinshi. Waɗanda suka yi ajin ƙarshe na lise za su tuna labarin da Aflatun, wanda mushen filo ke kira Platon, ya kawo na makiyayi Jijes. Ya tsinci zobe, in ya juya kan zoben cikin tafin hannu sai ya ɓace, ba mai ganin shi. Da ya gane haka sai ya shiga fada, ya kashe sarki, ya gaje gadon. Mu ba mu buƙatar zoben Girka, muna da layar zana. Abin da labarin ke tambaya shi ne: gaskiyar mutum tashi ce, ko ta idon jama'a ce da ke kanshi? Fanshon waje ƙaramar layar zana ce da aka rataya ma tsoho ba tare da ya nema ba.

Kada mu yi saurin yanke mishi hukunci, don hujjarshi ta fari tana da ƙarfi ƙwarai, musamman in kuɗin na soja ne. A watan Disamba na 1959, ana gab da ba ƙasashenmu mulkin kai, majalisar Faransa ta yi dokar da ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ta mallaka. Abin da kake karɓa lokacin da ƙasarku ta samu ƴanci, a kanshi za ka tsaya. Na abokinka Bafaranshe da kuka kwana rami guda yana hawa tare da tsadar rayuwa, naka yana nan inda yake, har ya koma kamar sadaka. Shekara arba'in ana haka. Sai ran 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun mulki ta Faransa, a shari'ar wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadu Diop, ta ce wanga bambanci ne da doka ba ta yarda da shi ba. Shi kanshi Diop bai ga hukuncin ba, ya riga ya rasu. A 2002 aka yi gyaran rabi da rabi. A 2006, da fim ɗin Indigènes ya fito ya tada hankalin mutane, shugaba Shirak ya sa aka daidaita kuɗin mazan jiya da na naƙasassun yaƙi. Sauran sai da kotun tsarin mulki ta yi magana a watan Mayun 2010, aka daidaita daga farkon 2011. A lokacin nan mafi yawan masu haƙƙin suna ƙabari. In ka ƙara da abin da ya faru a Tiyaroy kusa da Dakar ran 1 ga Disamba 1944, inda aka buɗe ma sojojin Afirka wuta don sun nemi kuɗinsu, za ka gane dan mi tsoho ke riƙe ƴan kuɗin nan kamar kuɗin jini. In ya ce an cuce shi, gaskiya ya faɗa.

Amma wa ya cuce shi? Nan ne hujjar ke karkacewa. Bashin yana kan baitulmalin Faransa. Takardar da ke gabanka kuwa ta baitulmalin Nijar ce. In Tanko ya ci maka bashi, ba ka zuwa ka ɗebi hatsi a rumbun Bawa ka ce ka rama. Abin da aka ɓoye nan ba ya rage ma Paris ko tamma. Asibitin da tsohon zai kwanta in ciwo ya tashi, da hanyar da za a bi a kai shi, su ke rasawa.

Sai ya ce maka: "Wane asibiti? Je ka gani, ko auduga sai ka saya. Mu ba su, su gina benaye a Yamai." Ba wanda ke zaune ƙasar ga zai ce ƙarya yake yi. Kuma tsoron takardar lanho ba yau ya soma ba. Zamanin Nasara ƙidaya da lanho tafiyarsu ɗaya, duk kan da aka rubuta sai an biya mishi, shi ya sa ake ɓoye yara, ake kora shanu daji in an ji masu jangali na tafe, wasu garuruwa ma suka kwashe suka tsallaka iyaka. Tun kafin Nasara, jangali yana cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki sarakunan Hausa a kansu. Lanhon kai bai bar talaka ba sai zamanin Seyni Kunce, da kuɗin uraniyom suka shigo aka soke shi. Wanda ya tashi cikin wanga tarihi, ɓoye ma hukuma dukiya a wurinshi hankali ne da kakanni suka bar mishi. Ni ban raina wanga tunani ba. Ya ceci gidaje da yawa daga yunwa a lokacin da mai karɓar lanho baƙo ne da bindiga.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙi da wanda ya ɓoye, kuma a ganina duk maganar a nan take. A 1846 wani marubuci a Amurka, Henri Dabid Toro, ya ƙi biyan lanhon kai don gwamnatinsu tana kare bauta, tana kuma yaƙi da Meksiko. Bai ce ba shi da kuɗi ba, bai canza suna ba. Ya ce ina da shi, ba ni biya, ga dalilina. Aka kulle shi, ya kwana ɗaya a kaso kafin wani ya biya mishi. Ko ka yarda da shi ko ba ka yarda ba, ƙin nashi magana ce da aka yi ma hukuma da jama'a a fili, ya kuma ɗauki abin da ya biyo baya. Mai barin layi fanko a takarda bai yi ma kowa magana ba. Ɓarawon baitulmali ba ya jin zafinshi, bai ma san an yi ba. Gobe auduga ba za ta zo asibiti don shi ya yi shiru ba. Abin da ya canza kawai shi ne kuɗin sun tsaya aljihunshi, kuma a ƙarƙashin takardar da ke cewa wanga shi ne dukan abin da na samu, akwai sa hannunshi. Da fushi ne da gwamnati ya hana shi, da ya so a ji. Tun da ba ya so a ji, sai mu yi shakkar sunan da ya ba abin.

Sa'an nan mu duba wa ke ɗaukar kayan da ya aje. Gwamnati ba ta rage kashe kuɗi don wani ya ɓoye. Tana juyawa ga waɗanda ba su da laya. Malamin firamare da ake yanke ma albashi kowane wata. Mai tuyar ƙosai da ɗan tikiti ke tsaya ma a kai ran kasuwa, ko ta yi ciniki ko ba ta yi ba. Duk mai sayen sabulu ko katin waya, da lanho ke cikin farashin bai ma sani ba. Mai ƙosan nan ita ma tana da labarin zaluncin da aka yi mata, wataƙila ya fi na tsohon tsawo, amma ba wanda ya ba ta takarda ya ce rubuta abin da kika ga dama. Mu ɗalibai mun fi kowa hawa titi mu ce a biya mu burs, a gyara dakunan kwana, a ƙaro malamai. Kuɗin daga rumbun nan guda suke fitowa. Ba ya yiwuwa da safe mu yi zanga-zanga a kan rumbu ya yi ƙasa, da marece mu zauna kan tabarma mu taya wani toshe abin da ke shiga cikinshi.

Akwai wanda zai ce ya fidda zakka, ya sauke nauyi. Zakka tana da masu ita da aka ambata, kuma fidda ta ba ya mai da rubutun ƙarya gaskiya. Wannan ba ya buƙatar dogon zance.

Hujjar da ta fi ba ni wahala ita ce ta biya sau biyu. A 1965 an ƙulla yarjejeniya tsakanin Nijar da Faransa wadda ta tsara wace ƙasa ke karɓar lanho a kan wane kuɗi, don kada a yanki mutum can a sake yankar shi nan, ta kuma tanadi ma'aikatun lanho na ƙasashen biyu su taimaki juna. A watan Disamba na 2023 Nijar da Mali suka ba da sanarwar fita daga irin wagga yarjejeniya, bayan Burkina Faso ta riga su. Dalilin da suka bayar ya shafi halin Faransa game da ƙasashen da kuma asarar da baitulmali ke yi, kuma manyan kamfanoni aka fi hange. Amma in giwaye suna kokawa, ciyawa ke shan taka. Dokar Faransa tana cire wani kaso tun daga tushe a kan fanshon da ake biyan wanda ba ya zaune ƙasar, in kuɗin sun wuce wani mizani. Ba yarjejeniya, ba abin da ya tilasta ma ɗayan ɓangaren ya lissafa abin da aka riga aka cire. Ga shi kuma hanyar da ma'aikatun biyu ke bi su tambayi juna ta rufe. Watau a lokaci guda gaskiya ta ƙara tsada, ɓoyo ya ƙara sauƙi. Gwamnatin da ta sa ɗan ƙasa cikin wanga hali tana da nata nauyi: ta fito ta faɗa ma masu fansho, da Hausa da Zabarmanci a rediyo, abin da ke kansu da abin da ba ya kansu, ta kuma cire musu abin da aka riga aka karɓa a can. Wanga abu ne da ƙungiyoyin mazan jiya da na ƴan ritaya za su iya nema da babbar murya, mu kuma mu rubuta musu wasiƙun. Sai dai wanda bai taɓa bayyana fanshonshi ba, da wane baki zai shiga layin masu cewa an yanke mu sau biyu?

Kuma mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Bayyana kuɗi daban, biyan lanho a kansu daban. Ba kowane fansho ake yanka ba. A Faransa kanta kuɗin mazan jiya da fanshon naƙasar yaƙi ba a karɓar lanho a kansu. Dokokin lanho suna da abin da suke yafewa, suna da matakai, ƙaramin kuɗi ba ya ɗaukar abin da babba ke ɗauka. Tsoho na iya shekara goma yana ɓoyon abin da, da ya faɗa, ɗan kaɗan za a nema ko ma a ce ya tafi abinshi. Tsoro ya hana shi tambaya, rashin tambaya ya ƙara mishi tsoro.

To mu koma ga hannun da ya dafa naka. Baba ne, ko kawu, ko kaka, ba a ce mishi maƙaryaci, ba a kuma kai ƙararshi. Kai ba ɗan sandan lanho ba ne, kuma sirrin gida da aka ba ka don ka iya karatu amana ce. Abin da ke hannunka ya fi haka sauƙi. Ka ce: "Baba, ku yi haƙuri, mu bari sai mun tambaya." Ka tattara takardun da asusun fanshon ke aiko mishi, masu nuna irin fanshon, da jimlar shekara, da abin da aka cire can in an cire. Ka je ofishin lanho na garinku kai kaɗai da fari, ka yi tambaya ba tare da suna ba: fansho iri kaza, daga ƙasa kaza, mi doka ta ce? Ka roƙi a nuna maka ayar dokar, ka kwafe ta. Ka dawo ka karanta mishi da Hausa, da lissafin abin da zai biya in akwai. Sau da yawa adadi in ya fito fili ya fi dodon da ke cikin kai ƙanƙanta.

In bayan duk wannan ya ce a'a, takardarshi ce, sa hannunshi ne, ya kuma girme ka. Ka cika mishi suna da adireshi da duk abin da yake gaskiya, ka gaya mishi cikin ladabi cewa layin nan ba ka iya tsallake shi da hannunka, ka aje alƙalamin. Wataƙila ya yi fushi, ya kira ɗan maƙwabta ya ƙarasa mishi, a yi sati ba ya amsa gaisuwarka da kyau.