Yesu Almasihu Allah Ne: Wa'azi Ga Masu Bi Na Matamaye



A Matamaye ba a neman mai girmama Yesu a rasa. Maƙwabcinka Musulmi ba ya ambaton Annabi Isa sai ya haɗa da addu'ar aminci. Ya yarda budurwa ce ta haife shi, ya yarda ya warkar da makafi da kutare. Kada ku raina wannan girmamawa. Amma a cikinta gwajinmu yake. Mu tsiraru ne a ƙasar Kance, kasuwa ɗaya muke ci da su, muna zuwa suna da ta'aziyyar juna, wasunmu ma ciki ɗaya suka fito da su. Sai ka ga mai bi, don a zauna lafiya, in an tambaye shi wane ne Yesu, ya ce babban annabi ne, ya ja bakinsa ya yi shiru. Yau da gobe, abin da baki ya daina faɗa zuciya ma takan sake shi, 'ya'ya kuma su tashi ba su taɓa ji ba.

Ku buɗe Markus sura ta 2. A Kafarnahum mutum huɗu suka ɗauko shanyayye, taro ya hana su shiga, suka buɗe rufin gida suka zura shi gaban Yesu. Kafin ya taɓa zancen ƙafafunsa, sai ya gafarta masa zunubansa. Malaman Attaura suka ji zafi a ransu, domin sun san Allah kaɗai ke gafarta zunubi, kuma a nan ba su yi kuskure ba. In ka ci bashin buhun gero lokacin bazara, mai wucewa ba shi da ikon ce maka ya yafe, komai kirkinsa. Sai mai geron. Zunubi kuwa Allah muka yi wa. Yesu bai janye maganarsa ba. Ya umarci mutumin ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa, don su gane ikon nan nasa ne. A Listira, da jama'a suka so yi wa Bulus da Barnaba hadaya, sai su biyun suka kece tufafinsu suka hana, domin su mutane ne. Amma da Toma ya kira Yesu Ubangijinsa kuma Allahnsa bayan tashinsa daga matattu, Yesu bai kwaɓe shi ba.

Za a ce muku kun ce Allah ya yi aure ya haihu. Ku amsa da natsuwa cewa babu Kiristan da ya gaskata haka. Allah ɗaya ne, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, Ɗan kuwa Kalmarsa ce tun fil'azal, wadda ta zama mutum.

Muhawara kan ko Ɗan Allah ne ko halitta ma a Afirka ta fara zafi. Ariyus, wani limamin ikilisiya a Iskandariya ta Masar, ya koyar cewa Ɗan halitta ne, mafi girman halittu, amma akwai lokacin da babu shi. A shekara ta 325 shugabannin ikilisiya suka taru a Nikiya, garin da yau ake kira Iznik a Turkiyya, suka ƙi koyarwar. Atanasiyus, wanda ya zama bishop na Iskandariya, sau 5 aka kore shi daga kujerarsa a kan wannan magana, bai sassauta ba. Hujjarsa ita ce tamu: halitta ba ta iya ceton halitta.

Yanzu ku ji abin da ya fi taɓa ni. A watan Oktoba na 2013, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa a hamada bayan Arlit, kan hanyar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara, da yawansu daga nan ƙasar Kance suka tashi neman abin sawa a baki. Me za mu gaya wa tsohuwar da jikokinta ba su dawo ba? In Yesu manzo ne kawai, to Allah ya aiko da saƙo daga nesa. In kuwa shi Allah ne cikin jiki, to Mahaliccin ruwa da kansa ya ji ƙishirwa a kan gicciye har ya furta ta. Tun yana jariri aka goya shi aka gudu da shi Masar cikin dare. Ya san hanya, ya san yunwa, ya shiga kabari, ya fito a rana ta uku. Ba ni da wata ta'aziyya da ta fi wannan nauyi.

Kun tuna Jumma'ar 16 ga Janairu 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari kuma a Yamai. Shugabannin ikilisiya suka fito fili suka ce sun yafe, wasu maƙwabta Musulmi kuma suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Ƙarfin yafewar nan daga wurin wanda ya roƙa wa masu gicciye shi gafara ya zo.

Tun 1924 masu bishara na ƙungiyar SIM suka fara aiki a Damagaram, tun 1932 kuma muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Ba mu da uzurin rashin sani. Iyaye maza, ku karanta wa yaranku Yohanna sura ta 1 bayan tuwon dare, ku bar su su yi tambaya. Iyayena na zumuntar mata, ku sa wannan gaskiya a waƙoƙinku. Matasa, kada ku zagi addinin kowa a Facebook ko a majalisar shayi da sunan kare Almasihu. In abokinka ya tambaye ka, ka gaishe shi, ka saurare shi har ya gama, sannan ka faɗa masa dukan abin da ka gaskata, kada ka tsaya a rabi.