Hikimar Wane ne Ta Komo da Itatuwan Maraɗi?

Sau da yawa mukan ɗauka cewa ci gaba kaya ne da masana za su ɗauko daga nesa su sauke mana. Bari mu duba abin da ya faru a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, mu auna wannan zato.

Bayan farin shekarun 1970 an kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, amma yawancinsu suka bushe. A 1983 wani masanin aikin gona daga Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ganyayen da manoma ke sassabewa kowace shekara toho ne daga kututturan da saiwoyinsu ke da rai. In an bar rassa kaɗan masu ƙarfi, aka datse sauran, itace zai tashi. Wannan shi ake kira sassabin zamani.

Amma sanin masani shi kaɗai bai isa ba. Manomi ne ya san darajar gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani. To, me ya hana shi renonsa? Dokar da aka gada daga Faransawa ta mai da itatuwa mallakar gwamnati, har akan ci tarar wanda ya sare reshe a gonarsa. Sai da aka sassauta wannan, manomi ya tabbatar zai ci amfanin wahalarsa, sa'an nan aikin ya yaɗu. Daga baya masu nazarin hotunan tauraron ɗan adam suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta wajen miliyan 5.

Ashe hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Masanin gona ya ga saiwa, manomi ya san ƙasa, mahukunta suka gyara doka. Girman kai ne ke sa mai ilimi ɗaya ya raina ɗan'uwansa, talaka kuwa shi ke biyan kuɗin wannan raini. Marigayi Paparoma Francis ya koyar a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015 cewa lalacewar ƙasa da wahalar matalauta matsala ɗaya ce.

Duk da haka akwai sauran tambaya. Matar da ba ta da gona, ina za ta samo itacen girki yanzu da kowane itace ya sami mai shi? Makiyayi fa? Dabarar da ta wadata wani ta tsiyata maƙwabcinsa ba ta cika adalci ba.

Saboda haka, duk sa'ad da muka zauna shawarar rijiya, ko asibiti, ko gonar ƙungiya, mu dubi tabarmar mu tambaya: wa ya kamata ya zauna nan da ba mu kira ba?