Hukuncin Tiyatar Da Ba Ta Warkarwa

Sankarar hanta ciwo ne mai ɓoye kansa. A Afirka ta Yamma galibi tana biyo bayan ciwon hanta nau'in B, da kuma dafin funfunar da ke kama gyaɗa da masara idan an ajiye su da danshi. Kafin majiyyaci ya isa asibiti sau da yawa ciki ya cika da ruwa, idanu sun yi ɗorawa, tsiron ya wuce a yanke shi dukkansa. A nan likita kan ce akwai aikin da za a yi, a rage tsiron ko a buɗe hanyar matsarmama, amma ba warkewa za a yi ba.

To, shin wajibi ne Musulmi ya kwanta a yi masa irin wannan aiki?

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta bayyana cewa hukuncin neman magani ba ɗaya ba ne. Yana wajaba idan barinsa zai kai ga halaka, yana zama makaruhi idan ana tsoron ya jawo abin da ya fi cutar tsanani. Ta kuma shardanta izinin majiyyaci muddin yana cikin hankalinsa.

Wannan sharaɗi shi ne aka fi takewa. 'Yan'uwa kan tare likita a bakin ƙofa, su roƙe shi kada ya faɗa wa mai ciwo gaskiya, wai don kada ya karaya. Sai a sayar da gona, magidanci ya sa hannu yana zaton warkewa zai yi. Alhali hantar da ta riga ta ƙandare tana iya gazawa bayan an yanke ta, kwanakin da suka rage su ƙare a gadon asibiti. Wani kuwa aikin ya amfane shi ƙwarai: ƙaiƙayi ya lafa, abinci ya shiga, ya samu ƙarfin yin salla a zaune. Wanda ya zaɓi wannan bai raunana tawakkali ba, wanda ya ƙi kuma bai kashe kansa ba.

Amma wanda aka ɓoye masa bai zaɓi kome ba. Ga bashin da bai ambata ba, ga wasiyyar da bai yi ba, ga gonar marayunsa an sayar da sunan tausaya masa.